Hoton Ƙashi Ba Ya Nuna Abin Hawa: Gurbin Hausa a Lissafin Raunukan Haɗarin Hanya

A daminar da ta gabata wata motar tifa ta daki A Daidaita Sahun da ƙanwar mahaifiyata take ciki, tana dawowa daga gidan suna. Aka kwashe ta zuwa sashen taimakon gaggawa na wani babban asibiti da karaya a cinya. Ina tsaye likita ya ce mata, "Sannu Hajiya," ya waiwaya wajen ɗanta ya tambaye shi abin da ya faru. Yaron ya ce, "A keke take, mota ta buge su." Likita ya rubuta haruffa uku na Ingilishi a kan kati, RTA, wato haɗarin hanya, ya shiga aikin da ya fi gaggawa. Ban ga laifinsa ba a daren, har yanzu ma ban gani ba.

Bayan wata biyu mai tifar ya ce motarsa na da inshora, aka nemi rahoton asibiti. Wanda ya haɗa rahoton ya tsinci maganar yaron a shafin da ma'aikaciyar jinya ta cika, sai ya fassara "keke" da keken hawa mai ƙafa biyu, ya fassara "mota" da ƙaramar mota. A kan takarda, dattijuwa mai shekara sittin da 'yan kai ta zama mai tuƙa keke a tsakiyar titi. Rahoton 'yan sanda na faɗin abu ɗaya, na asibiti na faɗin wani, tarin rasit ɗin da muka adana kuwa ba su ce komai ba in ban da "magani" da "aiki" da adadin kuɗi. Maganar inshora ta shiririce, aka ƙare da sulhu a zauren mai unguwa.

Ra'ayin da nake son karewa a wannan maƙala shi ne, lissafin raunukan haɗarin hanya, na kuɗi da na ƙididdiga, yana farawa ne daga jimlar Hausa da wani ya furta a bakin gadon majinyaci. Idan jimlar ta lalace a wajen fassara, duk abin da aka ɗora a kanta ya lalace. Gyaran wannan gaɓa kuwa aikin manazarta harshen Hausa ne kafin ya zama na kowa.

Lamba biyu ga rauni ɗaya

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin da ya rarraba cututtuka da raunuka da sanadin mutuwa, ya ba kowanne lambarsa, wanda aka fi sani da ICD. Asalinsa jerin sanadin mutuwa ne da masanin ƙididdiga Bafaranshe Jacques Bertillon ya jagoranci tsarawa, aka amince da shi a 1893, Hukumar ta karɓi ragamarsa a 1948. An amince da bugu na goma a 1990. Bugu na goma sha ɗaya ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, sai dai ƙasashe da yawa na kan na goma har yanzu, don haka daga shi zan kawo misalai.

A tsarin kundin, wanda ya ji rauni a hanya yana buƙatar lamba biyu. Ta farko tana babi na 19, tana faɗin abin da ya sami jiki da kuma gurbinsa: S72.3 karayar tsakiyar ƙashin cinya ce, S82 karayar ƙwauri, S06 rauni a cikin ƙoƙon kai. Ta biyu tana babi na 20, tana faɗin yadda aka yi raunin ya faru, kuma haɗurran sufuri sun mamaye daga V01 zuwa V99. Adadin farko bayan harafin yana nuna ko wane ne majinyacin a kan hanya: V01 zuwa V09 mai tafiya a ƙasa, V10 zuwa V19 mai keke, V20 zuwa V29 mai babur, V30 zuwa V39 wanda ke cikin abin hawa mai ƙafa uku, V40 zuwa V49 ƙaramar mota, V50 zuwa V59 a-kori-kura, V60 zuwa V69 manyan motocin kaya, V70 zuwa V79 bas. Adadi na biyu yana nuna abin da aka yi karo da shi. Wanda ke bayan ɗigo yana nuna matsayin mutumin, ko direba ko fasinja, da kuma ko a kan titi abin ya faru. Lambar da ta dace da innata ita ce V34.6: fasinja a abin hawa mai ƙafa uku da ya yi karo da babbar mota a kan titi. Rahoton da aka ba mu zai kai mai sanya lamba ne ga V13.4, matuƙin keke da ƙaramar mota ta buge. Katin da bai ce komai ba sai RTA kuwa, makomarsa V89.2, gurbin da aka tanada don haɗarin da ba a san irin abin hawansa ba.

Tsakanin lambobin nan biyu akwai bambancin da ya shafe mu kai tsaye. Lambar rauni ido ne ke samar da ita, domin likita zai duba, ya taɓa, ya sa a ɗauki hoton ƙashi, ko da majinyacin yana cikin doguwar suma. Lambar sanadi kuwa kunne ne kaɗai hanyarta. Babu na'urar da za ta nuna cewa wannan cinya a kan acaɓa ta karye ko a cikin A Daidaita Sahu. Sai an tambaya, an amsa, an fassara, an rubuta. A asibitocin Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, galibin wannan tambaya da amsa da Hausa ake yin su, rubutun kuma da Ingilishi. A Maraɗi da Damagaram ma haka abin yake, sai dai a can da Faransanci ake rubutun, haruffan da ke haɗiye labarin kuma su ne AVP. Fassara ce ake yi sau da yawa kowace rana, a tsaye, cikin jini da kururuwa, ba tare da wani ya taɓa zama ya tsara ta ba.

Inda kuɗi ya shigo

Domin ganin yadda lamba ke zama kuɗi, Amurka ce misali mafi bayyana. Tun ranar 1 ga Oktoban 2015 asibitocinta ke aiki da nasu faɗaɗɗen bugu na goma, mai lambobi wajen 70,000. Karayar tsakiyar cinyar dama wadda ƙashin bai fasa fata ba, a lokacin jinyar farko, ita ce S72.301A. Harafin ƙarshe na sauyawa zuwa D idan majinyaci ya dawo duba a lokacin warkewa, ya koma S idan wata nakasa ce ta biyo baya. Aikin da likita ya yi kuma yana da nasa kundin, CPT, wanda Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fara fitarwa a 1966, kowane aiki da lambarsa. Kamfanin inshora yana ɗora lambar aiki a kan lambar rauni, idan sun dace ya biya, idan sun saɓa ya mayar da takarda. A kan fom ɗin neman biya da likitoci ke cikawa akwai gurbin da ke tambaya ƙarara ko haɗarin mota ne ya jawo ciwon, da kuma jihar da ya faru. Dalili shi ne amsar ce ke nuna wanda zai fara biya, domin a yawancin lokuta inshorar mota ce ke gaba, inshorar lafiya ta biyo baya. Shirin Medicare na tsofaffi ma baya yake komawa matuƙar akwai inshorar mota da abin ya rataya a kanta.

A Nijeriya ba a rasa dokokin da suka ce wani ya biya ba. Inshorar da ke kare wanda abin hawa ya cutar tilas ce tun dokar 1945. Daga 1 ga Janairun 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, a Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka shiga tilasta ta a kan tituna. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Dokar ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun don jinyar gaggawa. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 kuma ta mayar da inshorar lafiya wajibi. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun jama'a yake fita.

Dalilan wannan giɓi suna da yawa: takardun inshora na jabu, talauci, jahiltar haƙƙi, jan ƙafa wajen biya. Ba zan ce rashin lamba ne ya haifar da su ba. Amma kowace ɗaya daga cikin ƙofofin nan, ko kamfani ko asusu ko hukuma, takarda take nema kafin ta buɗe, takardar da za ta nuna wane rauni, wane sanadi, wane aiki, nawa ne kuɗinsa. Iyalin da suka sayar da akuya da buhun masara suka biya kuɗin tiyata, in an tura su neman haƙƙinsu da rahoton da ya saɓa wa gaskiya, an tura su ɗebo ruwa da kwando ne.

Ƙididdiga ma tana shan irin wannan asara. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018, mace-macen hanya da Nijeriya ta kai rahotonsu na shekarar 2016 sun ɗan haura 5,000, alhali ƙiyasin Hukumar ya kusa 40,000. Ga kuma misali na gida. A Janairun 2013 Gwamnatin Jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, masu ƙafa uku suka cika gurbin. Sauyi ne babba a rayuwar birni mai miliyoyin mutane. Shin raunin kai ya ragu? Shin karayar ƙafa ta ƙaru? Su wa suka fi jin ciwo a yanzu, fasinjoji ko masu tafiya a ƙasa? Asibitin da ya bambance V20 da V30 zai iya amsawa. Katin da ya tsaya a kan RTA ba zai iya ba, ko da an tara shi ɗaki guda.

Inda Hausa take da abin cewa

Kada a ɗauka Hausa ce ta gaza. Harshen yana da wadatar kalmomin hanya fiye da abin da kundin ke nema. Yana bambance taho-mu-gama da daka ta baya, da kaɗewa, da takewa, da gogar juna, da kifewa, da ƙwacewar mota. Yana da goyo ga wanda aka ɗauka a bayan babur, yana da karen mota da kwandasta da ɗan kamasho. Matsalar ita ce, a zancen yau da kullum mai magana yakan ɗauki gamammiyar kalma ya bar keɓaɓɓiya, domin mai sauraro ya san sauran. Kundin kuwa bai san sauran ba.

A ɗauki kalmar "keke". A bakin Bahaushen yau tana nufin keken hawa, tana nufin Keke Napep, wanda ya samo suna daga shirin yaƙi da talauci na Gwamnatin Tarayya da aka kafa a 2001, tana kuma nufin keken guragu. A kundin, waɗannan gidaje uku ne daban-daban: na farko V10 zuwa V19, na biyu V30 zuwa V39, na uku kuwa a sahun masu tafiya a ƙasa aka sa shi. A Kano sunan A Daidaita Sahu, wanda ya fito daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ya rage ruɗanin, amma ma'aikacin da aka turo daga wata jiha ba lallai ne ya san shi ba. "Kabu-kabu" a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar babur ɗin haya ne, a wasu wurare kuma motar gida ce da ake ɗaukar fasinja da ita. "Mota" ta haɗa tasi da bas da tifa da tanka da gingimari. "Ya yi haɗarin mashin" bai faɗi ko shi ke tuƙi, ko goyo ne, ko kuwa tsallaka titi yake mashin ya kaɗe shi ba.

Akwai kuma wuraren da rabon kundin ya saɓa wa yadda muke kallon abu. Mai tura kura ko baro, a wurinsa, mai tafiya a ƙasa ne. Haka direban da ya sauka yana canza taya a gefen hanya. Wanda ke kan amalanken shanu ko bisa jaki yana da nasa gida, V80. Iyakar ƙaramar mota da bas ita ce mutum goma, kuma abin da aka ƙera motar ta ɗauka ake dubawa, ba abin da aka cusa mata a tasha ba. Mafi wuyar sha'ani shi ne lodin mutane a kan kaya, abin da duk mai bin hanyoyin Arewa ya saba gani. Kundin ya ware gurbi ga wanda ke maƙale a wajen abin hawa, kamar a kan rufi ko mataki ko bamba, amma ya cire wurin da aka tanada don kaya daga wannan ma'ana. To mutum talatin da ke zaune a saman buhunan albasa a bayan tirela, fasinjoji ne ko 'yan waje? Wannan hukunci ne da sai an yanke shi a nan gida, kuma sai an yanke shi iri ɗaya a kowane asibiti, in ba haka ba ƙididdigar ba za ta haɗu ba.

Bayan ma'anar kalmomi akwai ladabin zance. Idan aka tambayi Bahaushe me ya faru, sau da yawa amsarsa ta farko ita ce "tsautsayi ne," ko "ƙaddara ce," ko "mun bar wa Allah." Wannan magana ce ta imani da haƙuri, kuma hanya ce ta nuna cewa ba ya son jefa direba cikin matsala, musamman idan direban ne ya kawo shi asibiti ko maƙwabci ne. Mai tambaya da ya matsa bayan an faɗi haka zai iya zama kamar mai neman tada husuma. Turawa ma sun yi fama da irin wannan nauyin kalma. A 2001 mujallar likitoci ta BMJ ta sanar da daina amfani da kalmarsu ta "haɗari" a shafukanta, don tana sa a ɗauka abin ba shi da riga-kafi. Mu ba ma buƙatar hana kowa cewa tsautsayi. Abin da muke buƙata shi ne tambayoyin da za a yi bayan an amsa da "Allah ya kiyaye gaba," waɗanda mai amsawa zai ji cewa bayani ake nema, ba mai laifi ba. Gaskiyar lamarin ma ke nan, domin lambar sanadi ba ta da gurbin faɗin wanda ya yi ganganci. Tsara irin waɗannan tambayoyi fagen masu nazarin ma'ana da amfani da harshe ne.

Ba baƙon ilimi ba ne

Wani zai ce rarraba rauni da rataya masa kuɗi al'adar Turawa ce. Duk wanda ya zauna a zauren ilimi ya san ba haka ba ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda aka daɗe ana karantawa a ƙasar Hausa, ya rarraba raunuka gwargwadon zurfinsu, ya ba kowanne suna da kaso daga diyya. Mudiha, wadda ta bayyana ƙashin kai ko na fuska, raƙumi biyar ce daga ɗari. Munaƙƙila, wadda ta gusar da ɓallin ƙashi, goma sha biyar. Ma'muma da ta kai ga ƙwaƙwalwa, da ja'ifa da ta ratsa cikin jiki, kowacce sulusin diyya ce. A mazhabar Malikiyya, idan kuskure ne kuma abin ya kai sulusi, aƙila ce ke ɗaukar nauyi, wato dangin wanda ya yi kuskuren, domin kada kaya ya danne mutum ɗaya. Diyya daban, kuɗin magani daban, ba na haɗa su. Abin lura shi ne malamanmu sun shafe ƙarnuka suna fassara waɗannan keɓaɓɓun kalmomi zuwa Hausa baki da baki, suna sane da cewa kuskuren suna ɗaya na iya tauye haƙƙin mutum. Al'ummar da ta gaji wannan tarbiyya ba za ta ɗauki tambayar "a ina kike zaune a cikin abin hawan" a matsayin baƙon abu ba, idan an yi mata bayanin amfaninta.

Hujjojin masu ja

Hujja ta farko ita ce lokaci. Likita ɗaya, majinyata goma, wa ke da sukunin tambayar ƙafafun abin hawa? Wannan gaskiya ce, kuma ceton rai ne a gaba. Amma ba likita ne kaɗai ke iya tambaya ba, ba kuma lallai sai a daren ba. Majinyacin karaya yakan yi kwanaki a kwance, masu jinyarsa na zaune a gefensa. Ma'aikacin ɗakin kati ko ma'aikaciyar jinya za su iya cika gurbin washegari cikin minti biyu. Abin da kundin ke buƙata tambaya biyar ce: A ƙasa yake ko a kan abin hawa? Wane irin abin hawa ne, ƙafarsa nawa, da inji ko babu? Shi ke tuƙi, ko ɗaukarsa aka yi, ko maƙale yake, ko yana hawa ko sauka? Da me suka haɗu, ko kuwa shi kaɗai ya kife? A kan titi ne ko a wani wuri kamar gona ko gareji?

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce tsoron kada mu shigo da cutar Amurka. A can sanya lamba ya zama sana'a mai cin kuɗi, asibiti da kamfani kowa na da rundunar ma'aikata suna jayayya a kan haruffa, ana mayar da takardu saboda ƙaramin kuskure, wasu kuma na ɗaga lamba su rubuta ciwon da ya fi na gaskiya tsanani don a biya su da yawa. Lambar sanadi ma, da yake ba ita ke yanke farashi ba, babu dokar tarayya da ta wajabta rubuta ta a can, sai inda jiha ko mai biya ya nema. Na yarda da wannan gargaɗi. Sai dai abin da yake koyarwa shi ne, tsarin da majinyaci ba ya fahimta yana zama makami a hannun wanda ya fahimce shi. Takardar kuɗin da ta ce, da Hausa, "karayar cinya, an yi tiyata an sa ƙarfe, kwana tara a gado, jini leda biyu," kowane layi da kuɗinsa, ta fi wuyar yi wa aringizo a kan wadda ta ce "aiki" kawai. Yana da kyau a tuna cewa maɗori, wanda jama'a da yawa ke komawa wurinsa, yana faɗa wa majinyaci sunan ciwonsa da harshensa, ko karaya ce ko targaɗe ko gocewa ko tsagewar ƙashi, ya kuma faɗi ladansa tun kafin ya taɓa shi. Ban ce wannan kaɗai ke jan mutane ba, amma asibiti na da darasi a ciki.

Hujja ta uku ita ce ta kare-karen harshe: wace Hausa za a ɗauka? Amsar ita ce ba zaɓen kalma ɗaya za a yi a kashe sauran ba. Lambar ce daidaitacciya, kalmomin kuwa sai a jera su duka a ƙarƙashinta, acaɓa da kabu-kabu da goyin da okada a gida ɗaya, tare da gargaɗi a inda kalma ɗaya ke da gida biyu. Da yake lambobin ɗaya ne a Katsina da Maraɗi, aikin da aka yi sau ɗaya zai amfani ɓangarorin iyaka biyu.

Abin da ya rage gare mu

Sassan nazarin Hausa ba baƙi ba ne a wannan fage. Daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955, zuwa ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, an nuna cewa ana iya zama a daidaita kalmomi. Sai dai yawancin ƙoƙarinmu a fannin lafiya ya tafi ne ta hanya ɗaya, daga Ingilishi zuwa Hausa, don wayar da kai: yadda za a faɗa wa jama'a sunan cuta da hanyar kare kai. Hanyar dawowa, daga bakin majinyaci zuwa fayil, ba ta sami irin wannan kulawa ba, alhali a nan ne kuskuren fassara ke cin kuɗin mutum.

Ba fassarar kundin gaba ɗaya nake kira a yi ba. Aikin da nake gani ƙarami ne, ɗaliban digiri na biyu kaɗan za su iya gama shi. Da farko a shiga tashoshin mota da majalisun 'yan acaɓa da masu A Daidaita Sahu da wuraren maɗora, a Kano da Sakkwato da Bauchi da Damagaram, a tattaro sunayen ababen hawa da kalmomin aukuwar haɗari yadda ake faɗinsu. Sa'an nan a zauna da likitocin ƙashi da jami'an adana bayanan marasa lafiya a ɗora kowace kalma a kan gidanta na kundin, a yanke hukunci a kan wuraren da ke da ruɗani. Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa na Kano da Shika da Sakkwato duk suna kusa da jami'o'in da ke koyar da Hausa. Daga nan a fitar da shafi ɗaya na tambayoyin nan biyar, da boko da ajami, a gwada shi a ɗakin majinyata a ga inda mutane ke tuntuɓe. A ƙarshe a tsara jerin bayanin Hausa na raunuka da ayyukan da suka fi yawa, wanda za a riƙa bugawa a gefen lambarsu a takardar kuɗi. Yanzu ne lokacin yin sa, tun da asibitoci suna komawa ga kwamfuta, ƙasashe kuma suna shirin ƙaura zuwa bugu na goma sha ɗaya. Gurbin da ba a saka a manhaja tun farko ba, ƙara shi daga baya yakan yi wuya.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Gyaran titi da horar da direbobi da samar da motocin ɗaukar marasa lafiya ba a hannun malaman harshe suke ba. Amma tazarar da ke tsakanin "a keke take" da V34.6 a hannunmu take, kuma likita da akanta da mai inshora babu wanda aka horar don cike ta. Innata ta warke, tana takawa da sanda. Fayil ɗinta yana nan a ɗakin kati, kuma duk mai binciken da ya buɗe shi nan gaba zai ƙidaya ta cikin matuƙan keke.